Namu Ba Ya Ci

In ana lissafa mutanen da Allah ya hore wa baki ya hana su kunya, ƙanen mijina ne zai zauna a kujerar gaba. Mai aski ne, shagonsa na can saman layinmu, amma shi da kansa ya raɗa wa kansa suna Farfesa, ya kuma dage har sunan ya bi shi. Duk karatunsa a rediyo ya yi shi. Kullum da safe sai ya buga waya gidan rediyo don ya faɗi ra'ayinsa a kan mulkin duniya, su kuwa su katse shi tun bai gama gaisuwa ba. Duk da haka in ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama maka gefe ɗaya ya ba ka labarin shugabannin ƙasa uku da ya kayar da bakinsa, bai ko ajiye almakashi ba.

Layinmu shaguna talatin da ɗaya ne a jere a kan gangara. Muna da ƙungiya, ƙungiyar tana da shugaba. Shagona shi ne na ƙarshe daga ƙasa, ina sayar da littattafan rubutu da takardu da biro da ambulan. A gaban shagunan akwai kwata da ta taso tun daga sama, ta wuce ta ƙofata, ta shige ƙarƙashin titi. Wato da can tana shigewa. Shekara tara ke nan da ta toshe daidai bakin shagona, duk ruwan da aka yi sai ya taru ya shigo mini ba sallama. Wanda bai taɓa ganin katan ɗin littafi ya sha ruwa ya kumbura ba, ba zai gane baƙin cikina ba. Bara maigidana ya yi kwana uku yana shanya takardu a kan rufi, da ya sauko ya rantse in ruwa ya sake shiga shagon nan to a rufe shi, in koma gida in zauna. Mutum ne da ba ya maimaita rantsuwa. Ni kuwa shagon nan shi ne rayuwata, ga shi damina ta matso, hadari ya fara leƙowa da yamma.

Shugabanmu mai gyaran agogo ne, dattijo siriri kamar tsinken tsintsiya, mai sanyin magana. Shi ma shekararsa tara a kan kujera. Duk lokacin da na kai masa kukan kwata sai ya cire gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya, ya ce in yi haƙuri, an kafa kwamiti. Kwamiti huɗu na gani da idona, na huɗun ma an kafa shi ne don ya gano inda na ukun ya shiga.

Bana sai Tela ya fito takara. Tela mutumin kirki ne, ƙato mai tumbi, wanda abu biyu kawai ya sani a duniya: kekensa na ɗinki, da kular abincin da matarsa ke kawo masa da rana. Matar ce ma ta tura shi, don ta ce ta gaji da a kira ta matar Tela. Da aka duba, mutum sha uku na bayan Shugaba, sha uku na bayan Tela, saura mu biyar da ba mu tsayar da magana ba: ni, da mai walda, da mai kemis, da mai gyaran waya, da mai wanki da guga. Saura mako biyu zaɓe.

Farfesa bai jira gayyata ba. Ya bar wani bawan Allah a kujera da rabin kai, ya gangaro shagon Tela ya naɗa kansa daraktan yaƙin neman zaɓe. Ya bayyana masa cewa shugaba shugaba ne, ko na ƙasa ko na layi, kuma dabarar kayar da shi ɗaya ce. Masoyanka suna aljihunka, kada ka ɓata yawu a kansu. Maƙiyanka sun riga sun tafi. Na tsakiya za ka fuskanta, ka soki mai kujera a gabansu har sai sun ji kunyar gaishe shi. Tela yana cin burodi yana gyaɗa kai.

Ni ya fara zuwar wa. Ya ɗauki littafi da biro a kan teburina bai tambaya ba, ya ce bincike yake yi irin na kimiyya.

"Matar yaya, a matsayinki na 'yar ƙasa, mene ne babban abin da ke damunki da wannan gwamnati?"

"Kwata."

"A'a, babban abu nake nufi."

"Kwata, Farfesa. Duk wanda ya ce zai buɗe ta, ƙuri'ata tasa ce. Ko kai ne."

Ya dube ni da tausayi, ya ce ai nan ake gane wanda bai yi zurfi a ilimi ba. Kwata ba siyasa ba ce, kwata ruwa ce. Siyasa kalma ce guda ɗaya tak da za ka liƙa wa mutum ta bi shi har gidansa. Na ce to kalmar ta zo ta kwashe mini ruwa in an yi. Ya yi saurin canja magana, har da ɗan gumi a goshi, amma a lokacin na ɗauka zafi ne. Ya zaga sauran huɗun, wannan ya ce wari, wancan ya ce sauro, duka dai kwata, shi kuwa ya rubuta a littafina cewa jama'a suna son canji.

Washegari ya shigo layi yana ɗaga rediyo sama kamar wanda ya tsinci zinariya. Ya ce ya samo kalmar, kuma a bakin 'yan rediyon ya samo ta. Kullum a labarai sai a ce shugaba mai ci ya ce kaza, shugaba mai ci ya tafi kaza. Mai ci. Cin me? Duk duniya ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi wannan tambaya sai shi. Mai kemis ya ce masa ai ma'anarta wanda ke kan mulki a yanzu. Farfesa ya ce haka suke so ka ɗauka.

Kafin rana ta yi tsaka an ɗaure farin yadi daga wannan gefen titi zuwa wancan, daidai kan shagon Tela, an rubuta da jan fenti: SHUGABA MAI CI NE. NAMU BA YA CI.

Mai walda ya ɗaga baƙin gilashinsa ya karanta sau biyu, sannan ya tambayi Farfesa, in nasu ba ya ci, me ya kai shi takara? Shi dai ba zai jefa ƙuri'arsa ga wanda tun yanzu ya shelanta cewa faɗuwa zai yi ba. Ba a jima ba sai ga mutanen Shugaba sun zo a jere suna yi wa Farfesa godiya, ɗayansu har yana tambaya ko za a samu irin yadin ya rataya a nasa shagon. Farfesa ya ce jahilci ne ya yi wa layin nan katutu. Fenti ya ƙare, don haka ya ɗauko baƙin rinin da yake shafa wa masu furfura, ya hau tsani ya ƙara haruffa a ƙarshe. Yadin ya koma NAMU BA YA CIN KOMAI.

Ƙarfe ɗaya na rana matar Tela ta kawo kula. Ƙarfe ɗaya da minti biyar mai gyaran waya ya zo wucewa, ya ga ɗan takara zaune a ƙarƙashin yadin, kumatu cike da shinkafa, cinyar kaza a hannu. Ya ɗauki hoto ya tura wa duk layin, har da maigidana da ba shi da ƙuri'a.

A nan Farfesa ya yanke hukuncin da ya kusa kashe bawan Allah. Ya ce tun da an rubuta, dole a tabbatar: daga yau har zaɓe Tela ba zai sa komai a baki ba sai ruwa. Tela ya roƙi a bar shi ya riƙa ci a gida inda ba mai gani. Farfesa ya dafa tumbin ya ce wannan shi ne babban ɗan adawarsu, ko an ɓoye ci shi zai tona. Matar ta goyi baya, ta ce shugabanci ai sai da wahala, za ta ba shi ɗan shayi da safe don kada ya mutu kafin ranar. Kular kuwa ba a daina kawo ta ba, don kada abokan gaba su zargi wani abu. Farfesa ne ke tare ta a hanya ya kai shagonsa ya rufe ƙofa, ya ce ɓatar da shaida yake yi. Cikin mako ɗaya wuyan Farfesa ya yi gaɓa biyu.

Saura a kama Shugaba yana ci. Farfesa ya yi kwana uku yana laɓe a bayan wani tsohon firji da ke gefen shagon agogo, da rana tsaka, sauro na cinsa. Rana ta uku dattijon ya ciro ayaba ɗaya daga aljihu, ya ɓare, ya ci rabi, ya naɗe rabin a takarda ya mayar don gobe. Ɗan guntun ɓawon da ya yar Farfesa ya dira a kai, ya soke shi a tsinin sanda, ya bi layi shago shago yana nunawa yana cewa ga shaida.

Da ya iso kemis, mai kemis ya tashi tsaye da murna.

"Rabin ayaba ya ci? Rabi guda? Alhamdu lillahi, maganin ya fara aiki. Shekara biyu ina ba shi maganin buɗe ciki, cokali uku na abinci ba ya iya gamawa."

Labari ya bazu cewa Shugaba ba ya iya cin abinci, ga shi ana yi masa sharri. Tausayi ya kama matan layin da matan masu shagunan. Washegari kwanuka suka fara sauka a shagon agogo, wannan da miya, wannan da soyayyen ƙwai, wannan da kifi. Dattijon ba ya iya ci, sai ya riƙa kiran masu wucewa su taya shi. Shagonsa ya koma gidan abinci, kuma yana kallon shagon Tela ne kai tsaye, iska kuma daga can take kaɗowa. Na wuce na ga Tela yana taka keke ba zare, hancinsa na bin ƙamshi, hawaye na bin kumatu. Mai kemis kuwa ya riga ya koma ɓangaren majinyacinsa.

Farfesa ya ce wannan somin taɓi ne, babbar sukar na tafe. Ya tara mutane a ƙofar shagon agogo ya nuna bango, inda agogo goma sha biyu ke rataye, kowanne da nasa lokacin. Ya ce jama'a su duba da kyau, mutumin da ya kasa haɗa kan agogonsa guda goma sha biyu, ta yaya zai haɗa kan shago talatin da ɗaya? Gaskiya maganar ta ɗan yi ma'ana, har ni na gyaɗa kai. Sai Shugaba ya cire gilashin idonsa a hankali, ya ce waɗannan ai na mutanen da suka kawo gyara ne suka ƙi dawowa da batir.

"Wancan mai hoton zakara, da ya tsaya a ƙarfe biyu, naka ne, Farfesa. Shekara uku ke nan. In ka zo da batirin sai ya bi sahun 'yan'uwansa."

Mai gyaran waya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ma akwatinsa cike yake da wayoyin irin waɗannan mutane, ya san zafin abin, daga yau shi da Shugaba sai mutuwa.

Yunwa kuwa ta fara aikinta. Tela ya auna ƙugun wani mutum maimakon inci ya ce masa faranti talatin da biyu. An gan shi yana lasar allin da yake zana yadi. Mai walda, wanda har lokacin yake cewa bai yanke ba, ya karɓi sabon wandonsa ya shiga bayan labule ya gwada, sai ya fito yana tsalle kamar wanda aka ɗaure a buhu, don Tela ya ɗinke bakin ƙafafun duka biyu, ya kuma sa aljihu a gwiwa. Farfesa ya ce sabon yayi ne na ƙasashen da suka ci gaba. Mai walda ya ce to shi zai tsaya a ƙasashen da ba su ci ba, ya cire wandon ya jefa masa a fuska.

Na mai wanki ya fi muni. An kai masa rigar da Tela zai sa ranar muhawara, ya wanke sama sama, ya ɗora dutsen guga, sai ƙamshin gasasshen burodi ya cika shagon. Ashe Tela ya ɗinka wani ɓoyayyen aljihu a ƙarƙashin hammata, ya cusa rabin burodi a leda. Mai wanki, saboda amana, ya kawo rigar a rataye da burodin a faranti. Farfesa ya daka tsalle ya ce makirci ne, an dasa burodin ne, kuma ba wanda rigar ta kwana a hannunsa sai mai wanki. Mutumin da ya shekara ashirin yana mayar wa mutane duk abin da ya tsinta a aljihu, yau an ce masa mai dashen burodi. Ya ajiye farantin ya fita. Kafin a waiwaya burodin ma ya ɓace, Tela yana share baki yana kallon rufi.

Saura ni kaɗai a cikin biyar ɗin. Na tare Farfesa na ce masa ko ɗan aji ɗaya ya san an riga an kayar da su. Ya ce matar yaya ba ta san siyasa ba, muhawara ɗaya tana juya ƙasa, ya tanadi jawabin da zai sa mutanen Shugaba su yi ta kuka suna neman gafara. Na bar shi na je wajen Tela da kaina. Na ce ya taimake ni ya taimaki kansa, ya tashi a gaban jama'a ya ce shekara tara kwata na toshe, shi zai buɗe ta, shi ke nan. Ya ɗago ido da ƙyar ya ce Farfesa ya hana a ambaci kalmar ko da wasa. Sannan ya tambaye ni ko gaskiya ne takarda ba ta cutar da ciki. Na koma shagona na dubi katan-katan ɗin da na ɗora a kan benci, na dubi sama ta yi baƙi daga gabas, na zauna na yi kuka mai isata. Dariyar makon nan duka ba ta rage mini tsoro ko kaɗan ba.

Ranar zaɓe da hantsi aka yi muhawara, kuma Farfesa ne ya zaɓi wurin: ƙofar shagona. Ya kawo katako ya shimfiɗa a kan kwatar daidai inda ta toshe, ya rufe da tsohon kafet, ya ce dandali ne. Abin da ido bai gani ba, in ji shi, ba ya shiga akwatin zaɓe. Warin kuwa ya feshe shi da turaren da yake fesa wa mutane bayan aski, aka samu wani sabon wari da ya fi na da.

Shugaba ya fara. Minti biyu ya yi, ya gode wa kowa, ya ce in an sake zaɓarsa zai kafa kwamitin da zai duba ayyukan kwamitocin baya. Ya koma kujerarsa a gefen dandali, ya ciro ayaba ya ɓare, ya ci rabi.

Tela ya hau, katako ya yi ƙara. Hannu ɗaya na riƙe da takardar jawabi, ɗayan na riƙe da wandon da ya yi masa yawa. Ya fara karantawa da muryar da ba ta kai ta sauro ba.

"Ya ku jama'a, ni ba na ci. Ban taɓa ci ba. Kuma in kun zaɓe ni, ba zan..."

Ya tsaya. Idonsa ya bar takarda ya sauka a kan rabin ayabar. Farfesa yana ƙasa yana raɗa masa sauran jimlar, amma mutumin ya yi nisa. Shugaba ya dube shi, ya dubi abin da ke hannunsa, ya miƙa.

"Ungo, ɗana, kada ka faɗi."

Tela ya saki takardar, ba wandon ba, Allah ya taimake mu. Ya karɓa ya haɗiye, ina jin har da ɓawon. Sannan ya ce Allah ya saka da alheri, Baba.

Wurin ya kaure da dariya. Farfesa ya yi tsalle ya hau dandali yana ihu cewa cin hanci ne a bainar jama'a, a rubuta, a soke zaɓe. Ya buga ƙafa sau ɗaya don ƙarfafa magana, ya buga na biyu. Katakon ya jure Tela, amma Tela da Farfesa da kular mako biyu sun fi ƙarfinsa. Ya ɓalle ta gefen Farfesa, kafet ya naɗe, darakta ya nutse cikin kwata har hammata, hannu ɗaya a sama da yatsa a miƙe, don bai gama maganar ba.

Daidai nan sama ta tsage. Ruwan farko na shekara, irin mai zuwa da fushi. Mutane suka watse ƙarƙashin rumfuna. Ruwa ya gangaro daga saman layi ya tarar da hanya a toshe da Farfesa a tsakiya, ya fara taruwa a ƙirjinsa, ya hau matakalar shagona ta farko, ya hau ta biyu. Farfesa yana ihu a ciro shi, wani abu ya naɗe masa ƙafa. Shugaba ya buɗe laima ya ce a ganinsa wannan lamari ne da ya kamata a kafa masa kwamitin gaggawa. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya ina korar ruwa kamar mahaukaciya, ina kiran sunan Allah.

Tela ne ya motsa. Rabin ayaba kawai ke cikinsa, amma ya tuɓe riga ya faɗa cikin kwatar. Ya ja Farfesa bai fito ba, sai ya durƙusa ya cusa hannu har kafaɗa a bakin ramin da ke shiga ƙarƙashin titi, ya kamo abin da ya riƙe ƙafar. Mai walda ya rugo da ƙugiya, mai wanki ya kama ƙugun mai walda, muka ja gaba ɗaya. Abin ya fito a hankali, baƙi ƙirin, ya kai girman katifa, Farfesa na manne a jikinsa. Kwatar ta yi wata irin gyatsa mai tsawo, ruwan ya juya ya shige ƙarƙashin titi da gudu. Saura faɗin yatsa biyu ya tsallake dokin ƙofata.

Aka taru a kan abin ana kallo, ruwa na wanke shi. Gashi ne. Gashi curi guda, a cakuɗe da tsofaffin reza da karyayyun mataji da audugar goge wuya. Mai kemis ya tsuguna ya ce wannan furfurar tasa ce, ya san ta. Mai aski ɗaya ne a layinmu, shagonsa na can sama inda kwata ta fara, kuma kowa ya tuna shekarar da ya buɗe shi.

Na dubi ƙanen mijina, baƙin ruwa na zuba daga kunnensa.

"Shi ya sa kwata ba siyasa ba ce, ko Farfesa? Shekara tara kana share shago kana turo mini."

Ya tofar da wani abu, ya gyara wuyan riga.

"Matar yaya, a yi adalci. Ai gashinsu ne, ba nawa ba."

Ba don mai walda ya riƙe tsintsiyar ba, da yau wani labarin nake ba ku.

A rumfar mai walda aka jefa ƙuri'a, kowa a jiƙe. Shugaba sha takwas, Tela sha uku. Farfesa ya hau kan benci ya ce a shaida, sha uku aka damƙa masa, sha uku ya mayar, ko ɗaya bai zube ba, wannan shi ake kira riƙe jama'a. Na ce ya sauko, don ni Tela na zaɓa. A cikin 'yan takara biyu shi kaɗai ya sa hannu a kwata, kuma na riga na yi alkawari. In an ƙara tawa ya kamata a ga sha huɗu, ke nan wani daga cikin nasu ya tsere. Farfesa ya rantse sai ya gano munafukin ko a ina yake. Tela, da ke zaune a gefe da kula a cinya, ya ɗaga cokali.

"Ni ne. Mutumin ya ba ni ayaba."

Matarsa ta ƙwace kular ta tafi, ya bi ta a baya yana ba ta haƙuri, cokali a hannu.

A ranar Shugaba ya yanke hukuncinsa na farko cikin shekara tara ba tare da kwamiti ba: Farfesa zai riƙa yashe kwatar duk mako, daga shagonsa har ƙofata. Da yamma maigidana ya zo, ya tsuguna ya shafa simintin shagon da tafin hannu, ya ji shi a bushe. Ya tashi ya taya ni sauke katan-katan daga kan benci, bai ce komai a kan rufe shago ba, ni ma ban tuna masa ba. Daminar nan duka ko ɗigo bai shigo mini ba.

Yadin kuwa yana nan a rataye, don ba wanda ya yarda a cire. Ruwan ranar ya wanke baƙin rinin tas, jan fentin kaɗai ya rage kamar yadda aka fara rubuta shi. Makon jiya na fito na tarar da Farfesa tsaye cikin kwata har gwiwa, ya tsayar da wani baƙo yana nuna masa yadin da bakin shebur. Yana gaya masa cewa ya karanta da kyau, NAMU BA YA CI, mako biyu kafin zaɓe ya rubuta sakamakon da hannunsa, bai kuskure ko harafi ɗaya ba, abin da gidan rediyo da duk masanansu ba su taɓa iyawa ba. Ya juyo ya ce matar yaya shaida ce, ko ƙarya ya yi?

"Gaskiya ka faɗa, Farfesa," na ce, na miƙa masa bokiti. "Ga gashi can ka bari a bayanka."